Ungozomar Awaki a Gado na Tara

An fasa auren ranar Alhamis da hantsi, saura kwana goma sha tara a ɗaura shi. Mahaifin amarya ne ya fasa, a tsaye, a barandar ɗakin masu ciwon zuciya na babban asibiti, tsakanin keken tura marasa lafiya da bokitin mai goge ƙasa. Mutum huɗu ne suka ji da kunnensu: amaryar, wadda kowa yake kira Auta, da yayanta wanda nas ne a ɗakin, da mahaifiyar ango, sai mai goge ƙasar, wadda ta jingine sandarta har aka gama.

Ango bai ji ba. Yana ciki a gado na tara, da robar ƙarin ruwa a hannu, a mako na takwas na wani zazzaɓi da sai shekaranjiya aka tabbatar da inda ya samo shi.

A garken da yake aiki, can bayan gari, Ungozoma ake ce masa. Awaki ɗari huɗu ne a wurin, kuma duk wadda haihuwa ta gardame mata shi ake kira. Yakan naɗe hannun riga, ya zura hannu har gwiwa, ya juyo ɗan akuya ya fito da shi da rai. Ba ya sa safar hannu. Ya ce roba tana hana shi jin inda ƙafa take da inda kai yake, kuma mai lalube a duhu ba ya ƙara wa kansa wani duhun.

A gidan su Auta kuwa ba a san shi da wannan suna ba. A can akawu ne.

Auta ce ta ba shi muƙamin. Mahaifinta ya yi shekara talatin da huɗu yana akawu a gidan waya, kuma tun 'ya'yansa suna ƙanana suka haddace dokarsa: a wannan gida biro ake riƙewa. Babbar 'yarsa tana auren ma'aikacin banki, mai bi mata tana auren mai duba makarantu. Idan saurayi ya zo gaisuwa, Baba ba ya kallon fuskarsa sai ya gama kallon faratansa. Don haka ranar da aka tambayi Auta aikin mutumin da take so, sai ta ce akawu ne a wani kamfanin kiwo. Kamfanin gaskiya ne, kiwon ma gaskiya ne. Kalma ɗaya kawai ta ƙara.

A shagon ɗab'i take aiki, ta san yadda ake sa abu ya yi kama da na gaske. Ta saya masa riga mai aljihu a ƙirji, ta soka masa biro biyu, shuɗi da ja. Kafin ya zo gidan yakan goge hannu da sabulu da lemon tsami har fata ta yi ja. Ya ce mata ba ya son wannan wasa. Ta ce na ɗan lokaci ne, idan aka ɗaura aure sai Baba ya yi fushinsa ya gama, ai ba a kwance ɗauri don warin akuya. Shekara biyu ana a haka.

Wata huɗu da suka wuce awakin garken suka yi ta ɓari, ɗaya bayan ɗaya. Shi ya kwashe matattun 'ya'yan da mahaifa, da hannunsa kamar yadda ya saba. Bayan wasu makonni zazzaɓi ya fara. Ya zo da yamma, ya jiƙa shi da gumi, da safe ya sake shi kamar ba a yi ba. Ya sha maganin zazzaɓin sauro sau uku, na taifot sau biyu. Wandonsa ya fara zamewa daga ƙugu. Ranar da ya kasa hawa matakala shida na shagon ɗab'i sai da ya zauna a ta huɗu yana haki, Auta ta kira yayanta.

Yaya ya yi rawar gani. Shi ya yanki kati, shi ya nemo gado kusa da taga, shi ya bi abokan aikinsa yana cewa surukin gidansu ne, a kula da shi. A layin da aka rubuta sana'a ya sa akawu da hannunsa.

Washegari Likita ta zo zagaye. Mace ce gajera mai gilashi, ba ta da yawan murmushi. Ta daɗe da abin sauraro a ƙirjinsa, ta ce tana jin wani sauti da bai kamata ta ji ba. Ta tambaye shi ko ya yi tafiya, ko an cire masa haƙori, ko an taɓa yi masa aiki. Daga nan ta ce:

"Kana mu'amala da dabbobi? Shanu, tumaki, awaki?"

Yaya yana tsaye a ƙafar gado da fayil a hannu. Auta tana gefen taga. Ungozoma ya kalle ta. Ba ta yi magana ba, ba ta girgiza kai ba, ta dai kalli Yaya ta dawo da idonta kansa. Iyakar abin da ta yi ke nan, kuma ya gane.

"A'a," ya ce.

Yaya ya yi dariya ya ce wannan ai ɗan ofis ne, akuya sai dai ya gan ta a takarda. Likita ta rubuta, ta wuce gado na goma.

Mako uku suka biyo baya. Hoton zuciya ya nuna wani abu ya tsiro a kan ɗaya daga cikin ƙofofinta. Likita ta yi musu bayani a taƙaice: zuciya tana da ƙofofi huɗu masu buɗewa da rufewa, abin da makanikai za su kira bawul, kuma tasa ɗaya tana da rauni tun yarinta ba tare da kowa ya sani ba. Wata ƙwayar cuta ta shiga jini ta samu wurin zama a kai. Wace ƙwaya ce, shi ne abin da ba a sani ba. An ɗebi jini sau uku, ɗakin gwaji ya ce ba a ga komai ba. Aka sa masa maganin da ake fara sa wa kowa. Zazzaɓin bai ko gaishe shi ba.

Auta tana zuwa kullum bayan tashi daga aiki. Tana ganin idon sawunsa yana kumbura. Tana ganin an ƙara masa filo na biyu, sannan na uku, don ba ya iya numfashi a kwance. Sau biyu ta buɗe baki za ta ce su faɗa, sau biyu ya riga ta, ya ce saura kaɗan, ta bari a wuce ranar ɗaurin aure.

Ranar Juma'a ba ta je gado na tara ba. Ta tsaya a ƙofar ofishin Likita har aka gama ganin mutane, ta shiga, ta ƙi zama, ta faɗi komai: garken, ɓarin, hannu ba safa.

Likita ta cire gilashinta ta ajiye a kan tebur. Ba ta ɗaga murya ba. Ta tambaya ko Auta tana wurin ranar da aka yi tambayar. Auta ta ce tana wurin.

"Kin ɗauka hira nake yi da shi?"



Likita ta ce akwai ƙwayoyin cuta da suke zaune a jikin dabba, musamman a mahaifa da ruwan haihuwa, kuma ba kasafai suke kaiwa ga zuciyar mutum ba, shi ya sa ba a neman su sai an samu dalili. Ba sa saurin bayyana a gwajin da aka saba, gwajinsu daban ne, maganinsu daban. Ta ce akawu ba ya ba likita dalilin nema. Ta ce kuma akwai ma'aikata biyu a ɗakin gwaji da suka buɗe jininsa ba tare da an gargaɗe su ba, ɗaya tana da ciki wata biyar, yanzu dole a sa musu ido su ma.

"Ranar wanka ba a ɓoyon cibi," ta ce. "Ke kin ɓoye, kuma ba cibinki ba ne."

Auta ta roƙe ta kada a rubuta a fayil, saboda yayanta. Likita ta mayar da gilashinta, ta jawo fayil ɗin, ta rubuta a gabanta da manyan baƙaƙe, ta ja layi biyu a ƙasa.

A ranar aka canza magani, aka aika da jini. Sakamako ya dawo ranar Talata, ya tabbatar da zargin. Yaya yana hutun kwana huɗu. Ya koma aiki ranar Laraba da safe, fayil na tara shi ne na uku da ya buɗe.

Da yammacin ranar Auta ta dawo gida ta tarar da Mai Kemis a falo. Ɗan aminiyar Umma ne, mai shagon magani a bakin titi, ya nemi aurenta sau biyu ta ce a'a sau biyu, amma bai taɓa daina zuwa gaishe da Umma ba. Tun da aka kwantar da Ungozoma gaisuwar ta koma kullum. Ya zo da ledar lemo wai a kai wa mara lafiya, yana zaune a kujerar da ba a cire wa leda ba tun da aka saye ta, yana bayyana wa Umma cewa mai ciwon zuciya sai lallaɓawa, ko ɗaukar bokiti ba ya yi. Umma tana cewa Allah sarki, tana satar kallon 'yarta.

Yaya ya shigo da farin kayan aikinsa, ba sallama. Ya tsaya a gaban Baba, ƙarƙashin agogon bangon da aka ba Baba ranar ritaya.

"Baba, surukinka ba akawu ba ne. Ungozomar awaki ne. Hannu yake zurawa a cikin akuya. A can ya ɗauko abin da yake cin zuciyarsa."

Baba ya ninke jaridarsa gida huɗu. Mai Kemis ya gyara zama ya ce shi fa tun farko hancinsa ya ba shi wani abu, kawai dai ba ya son shiga abin da ba ruwansa. Auta ta juya ta ce masa hancin nasa bai hana shi sayar wa mutumin maganin taifot sau biyu ba tare da takardar likita ba. Baba ya ce wa Mai Kemis ya gode da lemo, a gaida mutanen gida. Sai da aka ji tashin motarsa sannan Baba ya ce wa Yaya ya ci gaba.

Yaya ya ci gaba, kuma ba awakin ne suka fi ƙona masa rai ba. Ya ce shi ya rubuta akawu a kati da hannunsa. Shi ya yi dariya a gaban Likita. Yau da safe ta kira shi ofis ta tambaye shi ko da saninsa aka yi, ya rantse, ta ce ta ji, amma kallon da ta yi masa bai ce ta ji ba. Shekara goma sha ɗaya yana aiki a asibitin ba a taɓa tuhumarsa da ɓatan ƙwayar magani ɗaya ba. Matar da take ɗakin gwaji kuma, mai cikin, tare suka yi makaranta, yau ta wuce shi a baranda ba ta amsa gaisuwarsa ba.

"Kina tsaye a wurin, Auta. Kina kallona ina zuba kamar wawa."

"Ina tsaye."

"Shi ke nan abin da za ki ce?"

"Me kake so in ce, Yaya? Da ka ji gaskiya ranar, da ka nemo masa gado kusa da taga?"

Umma ta fara kuka. Ta ce an buga kati, an raba, ƙawayenta sun yi ɗinki, yanzu da wane baki za ta ce musu mijin 'yarta mai karɓar haihuwar dabbobi ne, kuma ma rabin mutum, wanda ko ya tashi sai an yi ta tallafarsa kamar ƙwai. Ta ce ga yaro mai hankali, mai shago, lafiyayye, ya yi shekara uku yana zarya, amma Auta ta rufe ido ta ɗauko musu wari da jinya. Auta ta ce idan Umma tana son Mai Kemis haka, ai ƙawayen da suka yi ɗinki suna da 'ya'ya.

Baba ya jira har suka gaji. Sannan ya tambayi Auta wa ya ƙirƙiro maganar akawu, ita ko saurayin nata.

"Ni ce."

"Shi kuma ya yarda."

"Don ni ya yarda. Don ku na ƙirƙira."

Baba ya ce kada ta kuskura ta rataya masa ƙaryarta a wuya. A gidan nan bai taɓa koya wa kowa ƙarya ba.

"Ba ka koya mana ba, Baba. Ka dai rufe duk wata ƙofa ka bar ita kaɗai a buɗe." Auta ba ta tsaya nan ba. "Kaka majemi ne. Umma ta faɗa mana tun muna yara, ta ce kada mu yi maganar a gabanka. Hannun da ya kai ka makaranta, warin me yake yi?"

Umma ta ce ta rufe bakinta. Yaya ya taso, Baba ya ɗaga hannu ya tsayar da shi. Fuskar Baba ba ta canza ba, sai dai jaridar da take hannunsa ta murƙushe a gefe ɗaya. Ya ce gobe da safe zai je asibiti, kowa ya tashi ya ba shi wuri.

Ya je da rigarsa mai guga, ƙarfe goma daidai, kamar mai zuwa aiki. Bai shiga wurin mara lafiya ba. Ya tsaya a ƙofa ya hango gado na tara na ɗan lokaci, sannan ya nemi ganin Likita. Ta fito baranda ta same shi. Ta ce ba za ta yi masa bayanin ciwon wani ba. Ya ce ba bayani yake nema ba, tambaya ɗaya ce: da an faɗi gaskiya ranar farko, da abin ya kai haka? Likita ta ce ba ta rantsuwa a kan abin da bai faru ba, amma mako uku na maganin da ya dace ba ƙaramin abu ba ne ga ƙofar zuciya. Ta koma ciki.

Mahaifiyar Ungozoma tana zaune a kan benci da kwanon abinci a cinya. Tsohuwa ce siririya, ba ta cika magana ba, mako uku ke nan tana wuni a wannan benci. Baba ya gaishe ta da girmamawa, ya yi mata ya mai jiki, sannan ya ce ya zo ne ya janye maganar aure.

Tsohuwar ta ce ta ji. Ta ce ita ma ta yi shiru ranar da ya kamata ta yi magana, don ɗanta ya roƙe ta, kuma ba za ta yafe wa kanta ba. Ta ɗago ta kalli Auta.

"Ni ɗa na haifa, 'yar nan, ba akawu ba. Aikinsa ne ya rufa mana asiri tun rasuwar ubansa. Ban taɓa toshe hanci ba."

Auta ta juya ga mahaifinta. Ta ce ya faɗi dalilinsa a fili, kowa ya ji, ya ce saboda awaki ne.

"Ba saboda awaki ba ne," Baba ya ce. "Da ya zo mini da warinsa, da na kore shi. Ya dawo, in sake korarsa. Wataƙila a na uku in ba shi kujera."

"Wataƙila."

"Wataƙila. Amma mutumin da za ki kalla sau ɗaya ya musanta kansa a gaban likita, yana ji numfashinsa yana ƙarewa, ba zan haɗa ku ba. Ba shi nake hana ki ba. Ke nake hana shi. Kin kusa kashe ɗan mutane tun ba a ba ki shi ba."

Yaya ya kawar da kai. Mai goge ƙasa ta ɗauki sandarta. Baba ya yi wa tsohuwar sallama, ya bi baranda har ƙarshe ba tare da ya waiwayo ba, takalminsa yana barin sawu a inda aka goge.

Auta ta shiga ciki.

Tun ranar Juma'a Ungozoma bai yi mata magana mai tsawo ba. Idan ta gaishe shi ya amsa, idan ta miƙa masa ruwa ya karɓa, iyakarta ke nan. Yana jingine da filo uku, ƙashin wuyansa a waje, hannun da ba shi da allura yana kan bargo. Hannun ya yi fari, ya yi laushi, kamar ba nasa ba. Ta ja labulen da ya raba su da gado na goma, ta faɗa masa abin da Baba ya ce, ba ta rage ko kalma ba.



"To kin gani," ya ce. "Na riƙe miki ƙaryar nan mako uku da ƙirjina. Kika je kika sake ta, ko tambayata ba ki yi ba."

"Da na tambaye ka me za ka ce?"

"In ce ki bari. Saura kwana nawa ne a ɗaura aure?"

"Shi ya sa ban tambaye ka ba. Gawa zan aura?"

Ya ce yanzu ai ko gawar ba ta samu ba. Ta ce ya ji kansa kuwa, yana fushi don an ceci ransa. Ya ce ba a ceci komai ba tukuna, ta je ta tambayi Likita. Tari ya sarƙe shi. Ta miƙa hannu za ta gyara masa filo, ya ce ta bari. Mutumin gado na goma ya rage ƙarar rediyonsa.

Da numfashinsa ya daidaita sai ya ce ba zuwanta wurin Likita ne ya fi ci masa rai ba. Kwana shida yana kwance yana lissafin abin, ya gano ba shi ba ne. Da Likita ta zo ta tsaya a kansa ta ce ashe kai ne mai karɓar haihuwar awaki, sai ya ji wani sanyi a ransa, don karon farko ke nan a wannan ɗaki da aka kira shi da abin da yake. Masu shara sun fi shi 'yanci, su kowa ya san aikinsu.

"Kullum kina cewa Baba, Baba. Baba bai taɓa jin kunyata ba, don bai san ni ba. Wa ya soka mini biro a aljihu?"

"Don a ba ni kai na yi."

"Shekara biyu, Auta. Sau nawa kika zo garken?"

Bai jira amsarta ba.

"Na ce ki zo ki ga wadda ta haifi uku, kika ce akwai aiki a shago. Na ce ki zo ki ga inda nake wuni, kika ce takalminki. Motar haya ɗaya ce daga ƙofar shagonku. Idan na zo daga aiki ban biya gida na yi wanka ba, kina matsawa kaɗan a kan benci. Kin ɗauka ba na gani."

Hawaye suka zubo mata, ta share da bayan hannu da ƙarfi kamar mai goge datti. Ta ce ƙarya yake yi, ba ta taɓa matsawa ba. Sannan ta ce idan ma ta matsa, ai ba ta tashi ba. Ta ce shi kuma da yake da baki yanzu, ina bakin yake ranar da Likita ta yi tambaya? Namiji ne, da harshensa, babu wanda ya riƙe masa maƙogwaro. Kallo kawai ta yi. Da ya ce eh, da yau fushin Baba ya tsufa, da ƙafarsa ba ta kumbura haka ba, da ba a sa mata ido a baranda kamar mai kisan kai ba.

"Gaskiya ne," ya ce. "Wannan nawa ne. Ni da akuya ba ta iya ɓoye mini ciwo, na zo na ɓoye nawa don kallon mace."

"Kada ka ce mace kamar ba ka san sunana ba."

"Na san sunanki. Ke ce ba kya iya faɗin nawa a gidanku."

Aka ja labule. Likita ce, da wata nas a bayanta riƙe da allo mai takarda. Ta dubi Auta, ta dubi mara lafiya, ta ce wannan ba ɗakin shari'a ba ne, kuma bugun zuciyarsa ya hau tun daga ƙofa take gani. Ta tambaye shi ko yana so ta yi magana a gaban baƙuwarsa. Ya ce ta yi.

Ta ce zazzaɓin ya fara sauka, alamar maganin ya kama hanya, kuma zai sha shi wata da watanni. Amma hoton da aka sake ɗauka da safe ya nuna ƙofar tana yoyo fiye da makon jiya, jini yana komawa baya. Za a mayar da shi ɗakin da ake sa ido a kan mara lafiya kowane lokaci. Ranar Litinin za ta zauna da likitocin tiyata su yanke shawara, ko magani zai isa, ko sai an buɗe ƙirji an canza ƙofar. A wancan ɗakin ba a tururuwa. Mutum biyu kawai ake bari, kuma mara lafiya ne yake rubuta sunayensu.

Nas ta miƙa masa allon. Ya ɗora a gwiwa, ya rubuta sunan mahaifiyarsa a layi na farko, a hankali. Ya tsaya. Nas ta ce saura ɗaya. Ya ce ya gani. Ta ce ko a sa sunan amarya. Bai kalli Auta ba, ya ce a bar masa takardar, zai yi tunani.

Aka kawo keke aka tura shi, da robar ruwansa tana lilo a sama. Auta ta bi su har ƙofar gilashi, mai gadin ƙofar ya duba takarda ya ce ta tsaya nan. Tsohuwar ta wuce ta gefenta ta shiga da kwanonta.

Auta ta zauna a kan benci. Umma ta kira ta a waya sau huɗu, ba ta ɗauka ba. Yaya ya wuce sau biyu da tiren magani, a na biyun ya rage tafiya kamar zai tsaya, ya fasa. Da rana ta yi, ta je ta tambayi mai gadi, ya ce ba a ƙara komai ba. Ta sake tambaya ƙarfe huɗu.

Ƙarfe shida ake rufe ƙofar masu ziyara. Zuwa lokacin da mai gadi ya juya makulli, layi na biyu yana nan babu suna.